Littafin da ya hana fadarmu barci



Wata biyu kenan fadarmu nan Konni ta daina gardamar ƙwallo bayan isha'i. Littafi ne ya jawo haka, na wata marubuciyar Kano, irin wanda ake saki kashi-kashi a WhatsApp. Kashi 140 cif. Wani ƙanenmu mai harkar albasa a Galmi ya zo da shi, munka yi mishi dariya, munka ce wanga ai karatun mata ne. Yanzu duk wanda ya makara, tun daga bakin hanya yake tambaya ina anka tsaya.

Mutum guda ke karantawa da ƙarfi, kashi biyu kowane dare, daga shayin farko zuwa na ukku. Wanda ya yi gaba a gida ya zo ya faɗi abin da zai faru, shi ke sayen sukari da gawayi. Ni na fara biya. Na kai ƙarfe biyu na dare da waya a hannu, har uwargida ta ce: "Malam, wai da wa kake hira?" Na miƙa mata ta gani. Yanzu ta riga ni da kashi goma.

Wani dattijon unguwarmu ya ce ɓata lokaci ne. Ban ce bai da gaskiya gaba ɗaya ba. Wanda littafi ya sa ya makara sallar asuba ya yi asara, kuma cikin littattafan intanet akwai waɗanda batsa ce zalla, ba a kawo su gaban mutane.

Amma ga abin da na gani da idona. Mu tara ne. Galibinmu da Faransanci munka yi lakkol, wasu sun tsaya CM2, wasu CEG, babu wanda anka koya ma karatun Hausar boko a aji. Ranar farko mai karatu na tuntuɓe kan ƙ da ɗ, muna ta dariya. Yau shi ne ke sauya murya in tsohuwar cikin labarin za ta yi magana. A watan Maris na 2025 anka ayyana Hausa harshen ƙasa a Nijar. Madalla. To amma takardar doka ba ta zama da kai dare sittin tana saba maka da baƙaƙe. Dogon labari ke yin wannan, don kana son sanin ko yarinyar nan za ta kuɓuta daga auren da anka ɗaura mata.

Kuma gardamar da ke biyo baya ta fi karatun. Auren dole, rabon gado, kishiya, abubuwan da ba mu iya faɗi kan gidajenmu, sai mu faɗe su kan mutanen littafi. Wani dare guda cikinmu ya yi shiru, can ya ce: "Haka munka yi ma ƙanwata." Babu wanda ya tanka, har shayin ya huce.

Abu guda ya tsaya mini a rai. Kyauta anka turo muna littafin, alhali mai shi sayarwa take yi. Mun tara kuɗi, an canza su naira, mun aika mata. Ba yawa, amma haƙƙinta ne.

Sannan duk labarin a Kano da Abuja yake faruwa. Tun Ruwan Bagaja na Abubakar Imam a 1934 muke karanta na ƙetaren iyaka. Ina labarin leburan masana'antar siminti ta Malbaza? Ina na matar ɗan cirani a Illéla da ke jiran waya daga Abidjan, ko na 'yan kasuwar Konni lokacin da anka rufe iyaka a 2023? In akwai mai rubutawa cikinku, ya turo muna kashin farko, za mu karanta, kuma za mu biya.

Daren Juma'a muna shiga kashi na 121. Mai zuwa ya taho da tabarmarshi.