Ƙawance da Adashi: Shugabancin Matan Karkara da Nazarinmu Ya Tsallake

Duk wanda ya duba kundayen digiri da ake rubutawa a sassan Hausa kan al'adun ƙauyuka zai tarar da tsari kusan iri ɗaya. Babin shugabanci na dagaci ne da mai unguwa da sarkin noma, mata kuwa sai an zo babin aure da haihuwa ake jin ɗuriyarsu. A ganina wannan rabo ya rufe mana ido ga wani tsarin jagoranci mai zaman kansa, wanda matan karkara suka gina a kan ƙawance da biki da adashi.

Hujja ta farko tana cikin labarin Baba ta Karo, wanda Mary F. Smith ta ɗauka daga bakinta a Giwa ta ƙasar Zazzau tsakanin 1949 da 1950, aka buga shi da Ingilishi a 1954. Baba ta yi aure sau huɗu, ba ta haihu ba, amma ta riƙi 'ya'yan dangi, ta zama mai faɗa a ji a tsakanin mata. Mai karanta labarin zai lura cewa aure yana mutuwa a sake wani, ƙawance kuwa yana nan daram. Ƙawa a wannan ma'ana ta wuce abokiyar hira, domin alaƙa ce da ake ƙullawa da sanin jama'a, da musayar kyauta, kowace tana da haƙƙi a kan 'yar'uwarta. Kusa da ita akwai alaƙar yaya da ƙanwar rana, inda babba take jan ƙarama a jiki, ta ba ta shawara, ta tsaya mata a hidimar aurenta.

A kan wannan tushe tattalin arzikin cikin gida yake tafiya. Gudummawar biki bashi ce da ba a rubutawa, wadda al'ada ta tanadi a mayar da ita da ninki idan bikin mai bayarwa ya zo. Uwar adashi ita ke riƙe zubi, ita ke tsara kwasa, kuma takan gabatar da wadda ciwo ko haihuwa ta matsa wa, sauran su amince. Polly Hill ta nuna a bincikenta na Batagarawa, wanda ya fito a 1972, yadda matan kulle suke gudanar da ciniki daga cikin gidajensu, yara na kai musu talla. Macen da aka yarda ta riƙe kuɗin mutane, ta raba gardama, ta yanke wa za ta fara ɗauka, shugabanci take yi ko da ba a naɗa mata rawani ba.

Tarihi ma ya tabbatar da haka. Lokacin da Nana Asma'u (1793–1864) ta kafa 'Yan Taru, dattijan mata na ƙauyuka ta zaɓa ta naɗa su jaji, ta sa musu malfa, su ke jagorantar ayarin mata zuwa wurinta su koma da karatu. Jean Boyd ta jawo hankali ga kamancen wannan da alamar Inna ta Gobir. Ke nan Nana ta gane inda amanar mata take, ta ɗora ilimi a kanta.

Wani zai ce ana ƙawata abin da yake da illa, kuma maganarsa tana da ƙamshin gaskiya. Ninkin biki ya jefa mata da yawa cikin bashi, adashi yakan rushe idan wata ta kwasa ta daina zubi, ƙawa kuma takan zuga a kashe aure. Sai dai sarautar maza ma tana da zalunci da son kai, ba mu kuma daina nazarinta don haka ba. Illolin su ne ma ƙarin dalilin bincike: wa ke hukunta wadda ta ci amanar adashi, da wane irin horo, kuma yaya ake sulhu?

Matsalar tana ga hanyar bincikenmu. Ɗalibi namiji iyakarsa zaure, sai ya tambayi liman da mai unguwa abin da mata ke yi. Takardar tambayoyi kuma ba ta kamo abin da ake faɗa a bakin murhu. Ya kamata sassanmu su riƙa tura ɗalibai mata su zauna da ungozomomi da dillalai da iyayen adashi, su naɗi muryarsu da izininsu, su rubuta ta a karin harshin mai magana, ba tare da gyara ta zuwa Daidaitacciyar Hausa ba, a adana a taskar sashe.

Baba ta rasu a 1951, ba da daɗewa ba bayan an gama hira da ita. Da an jinkirta shekara biyu, da babu littafin. A kowane ƙauye akwai irinta a yau, kuma ba za su jira mu gama shiri ba.