Sai Bango Ya Tsage Ƙadangare Ke Samun Wurin Shiga

Jama'a, yau maganarmu a kan ganuwa ce, amma ba irin ta birni ba. Kowane babban ofis da banki da asibiti da ke aiki da kwamfuta yana da wata na'ura da ke tsaye tsakaninsa da intanet, tana duban mai shiga da mai fita kamar Sarkin Ƙofa. Ita muke kira ganuwar kwamfuta. Mutane ne suka rubuta umarnin da take bi, kuma aikin ɗan Adam ba ya rasa kuskure. In an gano kuskuren, kamfanin da ya ƙera ta yakan fitar da gyara, watau faci, sai mai na'ura ya ɗora shi. To, a nan ne ake yin sakaci.

Ga misali. Kamfanin Fortinet na Amurka yana sayar da ganuwa mai suna FortiGate. An tarar da wata ɓaraka a ƙofar da ma'aikata ke bi in suna aiki daga nesa, wadda ta sa baƙo na iya karanta sunayensu da kalmomin sirrinsu ba da izini ba. Kamfanin ya fitar da faci a watan Mayu na 2019. Amma a Nuwamba na 2020 wani mai kutse ya baza jerin na'urori kusan 50,000 waɗanda ba a gyara ba. A Satumba na 2021 aka sake watsa kalmomin sirri, kamfanin da kansa ya ce na na'urori 87,000 ne. Wasu sun ɗora facin daga baya, amma ba su sake kalmomin sirri ba. Ashe sun toshe ɓaraka ne bayan ɓarawo ya riga ya tafi da mabuɗi.

Wa ke shan wahala in an shiga? Ba babban da ya sa hannu aka sayi na'urar ba. Ƙaramin ma'aikaci ne da albashinsa zai makale, da majinyacin da takardunsa za su ɓace, da ɗan kasuwan da ajiyarsa ke banki.

Saboda haka muna kira ga duk wanda aka ba amanar sirrin mutane. Na farko, a san kowace ganuwa da ke gidan, da wanda aka ɗora wa alhakinta. Na biyu, ran da faci ya fito a ɗora shi, kada a ce sai an gama taron kwamiti. Na uku, bayan faci a sake kalmomin sirri duka, a kuma bincika ko wani ya riga ya shiga. Na huɗu, na'urar da kamfani ya daina yi mata gyara a sauke ta.

Kamfanonin ma ba mu wanke su ba. Wanda ya karɓi kuɗin tsaro tilas ne ya faɗi aibin kayansa da wuri, a fili. Amma in ya faɗa aka yi kunnen ƙashi, laifi ya koma kan mai gida. Mu dai mun faɗa.