Gyaran Saiti Bayan Ɗauka Ba Zai Binne Sana'ar Hoto a Damargu Ba

Ra'ayin da ya yi ƙarfi a bakin jama'a, har da wasu masu sana'ar ɗaukar hoto a Tanut da Balbeji, shi ne tun da na'ura ta kai matsayin da ake gyara saitin hoto bayan an riga an ɗauke shi, gwaninta ta rasa daraja, kowane mai wayar salula ya zama mai hoto. Wannan ra'ayi ya ginu ne bisa rashin fahimtar fasahar da kuma raina ita kanta sana'ar, kuma cutarwarsa a fili take, domin yana sa matasa su guji koyo, yana sa iyalai su bar tarihinsu a hannun tsautsayi.

Abin da ake kira saiti shi ne daidaita gilashin kyamara ta yadda abin da ke wani nisa zai fito fes, sauran kuma su yi dishi-dishi. Kyamarar da ta yi alkawarin ɗage wannan zaɓi zuwa bayan ɗauka ita ce Lytro, wadda Ren Ng ya gina bisa binciken digirinsa na uku a Jami'ar Stanford ta Amurka a 2006, ta kuma isa hannun masu saye a 2012. Dabararta ita ce jera dubban ƙananan gilasai a gaban faifan da ke karɓar haske, domin a adana ƙarfin hasken tare da alƙiblar da ya fito, tunanin da masanin Faransa Gabriel Lippmann ya gabatar tun 1908. Sai dai kowane bayanin alƙibla da aka adana yana cinye wani kaso na tsabtar hoton, har ya zama samfurinta na farko yana ba da hoton da bai wuce megafiksel ɗaya da ɗoriya ba, wato bai isa a wanke shi babba a rataye a bango ba. Samfurin Illum na 2014 bai ceci kamfanin Lytro ba, aka rufe shi a 2018. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Abin da ya rage a wayoyin yau galibi kwaikwayo ne, domin wayar tana ƙiyasta nisan abubuwa, sannan manhaja ta dusashe bayan mutum da lissafi, shi ya sa take yawan tuntuɓe a gefen rawani, da bakin gyale, da silin kitso, inda iyaka tsakanin mutum da bayansa ke da wuyar rabewa.

Ko da fasahar ta cika alkawarinta, saiti shi ne mafi ƙanƙantar matsalar mai hoto a Damargu. Ranar tsakar rana ce ke ƙone farar riga ta bar fuskar da ke ƙarƙashin rawani cikin duhu, kuma hasken da ya ɓace lokacin ɗauka babu manhajar saiti da za ta dawo da shi. Haka nan ƙurar hunturu tana kashe launi, raƙumin da ke gudu ranar salla yana fitowa a goge idan mai ɗauka bai san saurin da ya dace ba, kuma wannan gogewa ta motsi daban take da dishi-dishin saiti. Hoton katin ɗan ƙasa da na taron biki, waɗanda su ne abincin masu sana'ar, suna bukatar kowace fuska ta fito fes, don haka sauya saiti ba ya ƙara musu komai.

Sama da duk wannan akwai amana. Shiga cikin gida wajen amarya da ƙawayenta, ko zaunar da dattijon Abzinawa ko Bafulatanin da ya zo cin kasuwar Balbeji har ya saki jiki, aiki ne na ladabi da sanin mutane. Da wannan ne Seydou Keïta da Malick Sidibé suka yi suna a Bamako, da Philippe Koudjina a Yamai, da kyamarorin da ake saita su da hannu, har Sidibé ya karɓi lambar Zakin Zinariya a baje kolin Venice a 2007.

Masu cewa wayar salula ta rage wa ɗakunan hoto ciniki sun faɗi gaskiya, amma arhar ɗauka ce ta jawo haka, ba gyaran saiti ba. Haɗarin da ya kamata a ji tsoro shi ne hotunan bikin suna da na aure da ke zaune cikin katin ajiya, waɗanda ke salwanta ranar da waya ta faɗa rijiya ko aka sace ta. Don haka ya wajaba masu hoto na Tanut, Tarka da Gangara su daina makokin sana'ar da ba ta mutu ba, su ƙware a sarrafa haske, su koyar da yara, su riƙe aikin wankewa da adanawa, iyalai kuma su riƙa wanke hotunan da suke son jikokinsu su gani.