Ba kowane ciwon ƙirji ne olsa ba

A ƙasar nan, da zarar mutum ya dafe ƙirji, kafin ya gama bayani an yanke masa hukunci: olsa ce. A rubuta masa magani, ya koma gida. Alhali akwai ciwon ƙirjin da ba ya jiran gobe, wanda ke aukuwa idan jini ya daskare a jijiyar ƙafa, gudan ya ɓalle, ya je ya toshe jijiyar huhu.

Alamominsa ba ɓoyayyu ba ne. Numfashi ya ƙuntata farat ɗaya, ƙirji ya riƙa suka idan an ja iska, zuciya ta yi ta bugawa da sauri, wani lokaci ƙafa ɗaya ta kumbura. Masu jego, da waɗanda aka yi wa tiyata, da matafiyin da ya kwana zaune a mota daga Kano zuwa Legas, duk suna cikin haɗari.

A 2017, bayan an yi wa Serena Williams tiyatar haihuwa a Amurka, sai da ta nace da bakinta a yi mata hoton CT kafin a gano gudajin jini a huhunta. To, ina ga mai jegon ƙauye?

Gaskiya ne ba kowane asibiti ke da na'urar CT ba, kuma hoton ƙirji na yau da kullum kan fito lafiya lau ko da cutar na nan. Amma tambaya ba ta cin kuɗi: yaushe kika haihu, yaushe ƙafar ta kumbura? Idan amsar ta tayar da hankali, a tura mara lafiya babban asibiti a ranar, domin allurar tsinka jini tana ceton rai ne idan an fara ta da wuri.