Kifin Wushishi da Maganar Kwalba

Idan damina ta ja baya, kogin Kaduna ya fara sauka, masuntan Wushishi da na Zungeru su kan kama kifi fiye da abin da kasuwa za ta ɗauke. Tarwaɗa da karfasa da giwan ruwa su yi araha, wanda aka kama da asuba kuwa in ya kai la'asar ba a yi masa komi ba, ya soma wari. Saboda haka ba abin mamaki ba ne uwargida ta yi tunanin dafa kifi ko naman layya, ta ɗura a kwalba, ta toshe, ta ajiye har wata shida kamar yadda ake yi da na gwangwani.

Gwangwani ba baƙo ba ne a wannan ƙasa, gama Turawan da suka kafa hedkwatarsu a Zungeru a 1902 da shi suka zo cikin guzurinsu. Dabarar kuwa ta girme su. Wani Bafaranshe, Nicolas Appert, shi ya bayyana ta a littafi a 1810, watau a rufe abinci a kwalba a tafasa. Amma akwai abin da shi kansa bai sani ba.

Akwai wata ƙwayar cuta da ke zaune a ƙasa da cikin laka, har da hanjin kifi, wadda ke haddasa ciwon da likitoci ke kira botulizim. Irinta ba ya mutuwa a tafasasshen ruwa, domin ruwa a buɗaɗɗiyar tukunya ba ya wuce digiri 100 kome yawan itacen da aka hura. Wurin da ba iska shi ta fi so, kwalbar da aka toshe kuwa ɗaki ne aka share mata. Can za ta farfaɗo ta zuba dafinta, sau da yawa ba wari, ba canjin launi. Wanda ya ci, bayan yini ɗaya ko biyu sai ya riƙa ganin abu bibbiyu, fatar ido ta yi nauyi, haɗiya ta gagara, daga nan numfashi ya tsaya in ba a hanzarta zuwa asibiti ba.

Abin da ke kashe irin nata shi ne zafin digiri 116 zuwa 121, wannan kuwa sai da tukunya mai matse tururi, mai ma'auni a murfinta. Ko da ita ma, kifin da ke cikin kwalbar rabin lita sai ya yi minti 100. Wanda ba shi da irin wannan tukunya, lalle ya bar kwalba wa zuma da man shanu.

Banda da kilishi wata hanya suka bi, ita ce raba nama da ruwansa. Aibin banda daga gaggawa yake zuwa: a sauke kifi bayansa ya yi baƙi, cikinsa da sauran laima, bayan mako biyu ƙwari su cinye shi, sa'an nan wani ya ɗauko maganin ƙwari ya yayyafa wa abin da mutane za su ci. Kifin da aka feɗe, aka jiƙa a ruwan gishiri, aka bar shi a kan wuta marar harshe har ya bushe ƙayau, a kan mayar da shi kan hayaƙi lokaci lokaci, musamman idan damina ta kawo laima.