Ku daina yawo da tsohon darasin memori, kuna jawo wa mutane asara



Yau ƙorafi na zo da shi, wanda abin ya taɓa ya yi haƙuri. Maganar a kan bayanan nan ne da ake ta yaɗawa na yadda ake saita memori da ma'ajiyar waya. An rubuta su shekara takwas, wasu shekara goma da suka wuce, amma har yau ana kwafowa ana mannawa kamar jiya aka yi su. Ba kwanan wata, ba a faɗi wace Android ba, ba a faɗi wace waya ba. Wanda ya manna ya samu laik ɗinsa ya kama gabansa, kai da ka karanta ka bi kai ne da asara.

Ka ɗauka baƙo ya shigo Kano yana neman Kasuwar Kurmi, wani ya ce masa ya tsaya a Ƙofar Mata ya tare ɗan acaɓa. A da kwatancen daidai ne. Amma tun 2013 gwamnati ta hana acaɓa ɗaukar fasinja a garin nan, don haka baƙo zai bushe a tsaye. Shi ma da sauƙi, lokaci kawai ya ɓata, in ya gaji ya hau adaidaita. Kai kuwa in ka bi tsohon kwatance a kan memori, hotunan bikinka ne za su tafi, da karatun da ka shekara kana ɗauka a waya, da hoton littafin bashin shagonka.

Bari ka ji inda gizo ke saƙar. Duk sanda ka sa memori, waya ba ta fara amfani da shi haka kawai. Sai ta duba irin tsarin da aka shimfiɗa a cikinsa, sannan ta ɗora shi a kan nata tsarin da sharuɗɗa: karantawa kawai za a yi ko har da rubutawa, wace manhaja ce ke da izinin taɓa shi, me za a yi in an ga matsala. Wannan ɗorawar ita ce kalmar mount da kake gani a setin, sauke shi kuma shi ne unmount ko eject. To waɗannan sharuɗɗan Google ta sha canza su, kusan duk Android da irin nata. Bayanin da bai bi canjin ba kuwa tarko ne.

Wanda ya fi cin mutane shi ne mai cewa “mayar da memorinka ya zama ma'ajiyar waya, ka huta da cikar waya”. Wannan tsarin ya zo ne da Android 6 a 2015, lokacin da wayoyi masu giga 8 suka cika hannun mutane, kuma a lokacin ya taimaka. Abin da masu mannawa ba sa gaya maka shi ne, da ka zaɓi wannan, waya za ta goge memorin tas, ta canza masa tsari zuwa ext4 ko f2fs, sannan ta kulle shi da makulli. Makullin nan a cikin wayar yake zaune, ba a cikin memorin ba. Ka riƙe wannan da kyau. Ranar da wayar ta faɗa ruwa ta mutu, ko aka yi mata filashin, ko ka yi mata riset, makulli ya tafi. Memori yana hannunka lafiya lau, hotuna suna ciki, amma ba wanda zai iya buɗe su. Ka sa a wata wayar ta ce a yi fomat, ka sa a kwamfuta ta ce a yi fomat. Ka zagaye Farm Centre da Beirut rumfa rumfa, wanda duk ya ce zai buɗe maka ba tare da makullin ba kuɗinka yake so. Mu masu gyara mu ke shan kallon banza a nan, don mutum ya ɗauka in ya cire memori kafin ya ba da waya ya tsira. Yana da hujja kuwa, haka aka saba tun zamanin Nokia. Layi ɗaya da aka ƙara a bayanin da ya wadatar. Ko Samsung ma da ta fitar da Galaxy S7 a 2016 ba ta sa wannan zaɓin a setin ɗinta ba, amma mai bayani yana nan yana cewa “duk wayar Android”.

Sai na biyu, mai cewa in ka sayi memori giga 64 ka kai kwamfuta a mayar da shi FAT32. Shi ma yana da asali. Memori daga giga 32 zuwa ƙasa da FAT32 yake zuwa, daga 64 zuwa sama kuma da exFAT, tsarin da Microsoft ta fito da shi a 2006. Da yake na kamfani ne, sai mai ƙera waya ya biya lasisi kafin wayarsa ta karanta shi, shi ya sa ƙananan wayoyi da yawa na wancan lokacin suke ƙin babban memori. Amma a 2019 Microsoft ta buɗe bayanan exFAT ga kowa, ya shiga cikin Linux wanda a kansa aka gina Android, kuma a 2022 Android 13 ta zo da shi. Yanzu in wayarka tana karanta exFAT ka je ka mayar da memori FAT32, ka saya wa kanka matsala ne, don FAT32 ba ya ɗaukar fayil ɗaya da ya wuce giga 4. Mai ɗaukar bidiyo ya ba ka fim ɗin biki giga 6, ka tura ya ƙi, alhali ga fili fal a memori. Sai ka koma wajen wanda ya sayar maka kana ce masa jabu ya ba ka. Jabun memori kam akwai shi a kasuwa, wannan maganar wata rana ce, amma a nan ba laifinsa ba ne.

Kar wani ya ce na ce FAT32 ya mutu. Rediyon mota da ƙananan sifikun nan da ake sa wa memori a ji karatu ko waƙa, da yawansu FAT32 kaɗai suka sani. Ka ga ke nan shawara ɗaya, ga rediyon Baba daidai ce, ga sabuwar wayarka cuta ce. Mai bayanin da bai ce wa yake wa magana ba, me ya koyar?

Akwai kuma na 'yan gayu masu son rut. Har yau za ka ga ana cewa ka buɗe taminal ka rubuta mount -o remount,rw /system, wato ka umarci waya ta sake ɗora ɓangaren da Android kanta take zaune da izinin rubutu, don ka goge manhajojin kamfani ko ka gyara wani fayil. Wasu har suna haɗawa da gyaran platform.xml, maganin da aka yi wa Android 4.4 ta 2013 lokacin da ta hana manhajoji rubutu a memori. Wannan matsalar tun Android 5 aka ba ta wata hanyar, a 2014. Shi kuma ɓangaren system, daga Android 10 ta 2019 yawancin sabbin wayoyi an gina shi ne yadda ba ya karɓar rubutu sam. In ka yi sa'a umarnin zai ƙi kawai. In ka matsa ka bi ta bayan gida ka taɓa shi, akwai mai gadi a waya da ke duba ko an canza wani abu yayin kunnawa, yana gani sai waya ta tsaya a kan tambarin kamfani tana ta zagaye. Daga nan sai filashin. In kuma da ma ka bi wancan bayanin na farko ka mayar da memori ma'ajiyar waya, ka ga an haɗa maka zafi biyu.

Ƙananan ba sa ƙirguwa. Ana ce maka ka jona waya da kwamfuta ka danna “Turn on USB storage” ka sa Recuva ta dawo da hotunan da ka goge. Wannan maɓallin na zamanin Android 2.3 ne, lokacin da waya ke sauke memori ta miƙa wa kwamfuta shi kamar filas. Yanzu ta hanyar MTP suke magana, kwamfuta ba ta ganin cikin waya a matsayin faifai, don haka Recuva ba ta da abin da za ta tona. Ana ce maka ka shiga foldar WhatsApp a bakin ma'ajiya ka kwafe, alhali a Android 11 zuwa sama ta koma Android/media/com.whatsapp. Mutum ya duba bai gani ba, hankalinsa ya tashi.

Na san amsar da za a ba ni, na sha jin ta. “Ai kyauta nake yi.” To Allah ya ba da lada, amma kyauta ba ta halatta guba. In ka ba maƙwabci maganin da wa'adinsa ya wuce, ba za ka ce ai ban karɓi kuɗinsa ba. Wani kuma ya ce “ni a wayata ya yi”. Wace waya? Wace shekara? Abin da muke roƙo ka rubuta ke nan, malam.

Su masu rubuta Linux ɗin da kansu ba haka suke ba. A takardar bayanin wani tsarin ajiya da ake kira XFS, akwai jadawali na musamman na sharuɗɗan ɗorawa da aka daina, kowanne da lambar fitowar da aka cire shi. Akwai wani mai suna nobarrier da masu manyan kwamfutoci suka daɗe suna sawa don ƙarin sauri. Sai da aka yi ta gargaɗi za a cire shi, sannan aka cire a Linux 4.19 a 2018, aka rubuta a jadawalin. Duk da haka waɗanda suka ci gaba da kwafo tsohon saiti sun tashi sun ga faifansu ya ƙi ɗoruwa. Waɗannan fa injiniyoyi ne masu karanta takarda. Ina ga Hajiya da ke Mandawari wadda jikanta ya karanto mata a waya ya danna? Mu a nan ba ma buƙatar jadawali. Maɓallin gyara rubutu yana nan a Facebook, kyauta. Ka koma kan abin da ka rubuta a 2017 ka sa a samansa: wannan na Android kaza ne, kar mai sabuwar waya ya bi. In ba za ka iya ba ka goge shi. Minti biyu bai kai ba.

Kai kuma mai karatu, kafin ka bi duk wani bayani da ya ambaci fomat, ka shiga setin, ka gangara wajen bayanin waya, ka ga lambar Android ɗinka. In mai bayani bai faɗi lamba ba ka tambaye shi, in ya kasa amsawa ka bar shi da kayansa. In kana son sanin ko an riga an mayar da memorinka ma'ajiyar waya, duba wajen ma'ajiya a setin. In ka ga zaɓin mayar da shi na ɗauka-ka-tafi, wanda ake rubutawa portable, to a kulle yake. Kar ka danna tukuna, dannawa gogewa ce. Fara kwashe komai zuwa kwamfuta ko Google Photos tun wayar tana numfashi.

Haka in memori ya wayi gari yana buɗe hotuna amma ya ƙi karɓar sabo, ya ƙi gogewa. Tsofaffin bayanai fomat za su ce maka. Sau da yawa waya ce ta ga ɓaraka ta mayar da shi karatu kawai don kar a ƙara lalata shi, ko kuma memorin ne ya tsufa ya kulle kansa. A wannan halin duk abin da ke ciki yana kwafuwa. Ka kwashe a ranar, sannan a yi maganar fomat.