Kwamfutar Gida Ba Ta Buƙatar Word Na Sata

Duk wanda ya sayo kwamfuta daga Kano ko Katsina ya kawo ta gida a Kankiya ko Kusada, tambayar farko da yake yi wa mai shago ita ce, "An sa mata Word?" Da wuya ya ji a'a. Abin da ba a gaya masa shi ne, sau da yawa kwafin da aka ɗora an ɓalle masa makulli ne don ya yi aiki babu lasisi. Buƙatar kam gaskiya ce. Malamin da zai shirya tambayoyin jarrabawa, da ɗalibar Makarantar Koyon Fasahar Kiwon Lafiya ta Kankiya da za ta rubuta kundin kammala karatu, duk suna son manhajar da ke tsara shafi, ta zana jadawali, ta sa lambar shafi. Biyan kuɗin Microsoft 365 duk shekara ya yi wa magidanci nauyi, kuma ƙaramar manhajar WordPad da a da take zuwa kyauta an cire ta daga Windows 11 a 2024. Amma matsin aljihu bai wajabta wa kowa amfani da kayan sata ba, tunda akwai halastacciyar mafita.

Arhar kwafin sata ma tana da tsada a ɓoye. Kafin a ɓalle makullin, akan kashe garkuwar da ke tsare kwamfuta daga bairos, sannan a shigar da wata manhaja da ba a san wanda ya haɗa ta ba. Tsofaffin kwafin da ke yawo a shaguna kuwa kamfanin Microsoft ya riga ya sake su: Office 2010 ya daina samun gyaran tsaro a 2020, Office 2016 da 2019 kuma ranar 14 ga Oktoba, 2025. A kan irin wannan kwamfuta ake ajiye takardun makaranta da lissafin kasuwanci, ana kuma cusa mata filas ɗin da ya zaga shagunan buga takardu.

Mafitar ita ce LibreOffice, wadda gidauniyar The Document Foundation ke kula da ita tun 2010. Sashenta na rubutu, Writer, cikakke ne. Kyauta ce, kuma lasisinta ya yarda a kwafa a ba wani, don haka mutum ɗaya zai iya sauke ta ya raba wa unguwa guda a filas. Bayan an ɗora ta ba ta neman intanet, abin da ke da muhimmanci inda sabis ke ɗaukewa, data kuma ke cin kuɗi. Tana karɓar ɓ, ɗ da ƙ lafiya lau idan an zaɓi allon rubutu na Hausa.

Za a ce makarantu da ofisoshi Word suka sani. Haka ne, amma Writer na buɗe fayil ɗin Word, tana kuma adana aiki a tsarinsa. Gaskiya ne takarda mai jadawali da hotuna da yawa kan ɗan goce idan an buɗe ta a wata manhajar. Maganin shi ne a mayar da ita PDF kafin a kai ta wurin bugawa, kuma Writer na yin hakan da kanta. Wasu kuma na tsoron yaro zai rasa aiki in bai koyi Word ba. Abin da mai ɗaukar aiki ke dubawa shi ne saurin buga rubutu da iya tsara takarda, kuma wanda ya ƙware a ɗaya ba ya daɗewa kafin ya saba da ɗayar. Wanda aikinsa ya dogara kacokan kan Word, ya sayi na gaske.

Kirana ga masu sayar da kwamfuta da masu cibiyoyin koyar da ita a Kankiya da Kusada: ku ajiye LibreOffice a filas ɗinku, ku ɗora wa mai saye, ku gaya masa gaskiyar abin da ke cikin na'urarsa.